A Ƙara Zomo

…kuma wai zomo. Zomo! Duk dabbobin da Allah ya halitta, Malama ta rasa abin da za ta jefo min sai zomo. Ta tsaya a kaina da jan bironta, ta ɗan leƙa kwamfutar: “Manhajarka tana aiki, na gani. To asibitin dabbobin nan ya fara karɓar zomaye. Ƙara zomo kafin in zagayo.” Ta wuce layin baya abinta.

Tana aiki! Da bakinta ta faɗa. Saniya, akuya, tunkiya, kowacce da ranar rigakafinta da awon maganinta, ba kuskure ko ɗaya. To me kuma ake nema? Haka take yi wa kowa a jarrabawar nan, ba ta tambayarka bayani, sai ta sauya abu ɗaya ta koma gefe tana kallon ko ginin zai tsaya. Mugunta ce tsagwaronta. Karo na uku ke nan ina ɗaukar kos ɗin nan. Na uku — babu na huɗu, dokar jami'a ce, daga nan sai a nuna min ƙofa.

Ina wurin awon magani… ga shi. In saniya ce, yi haka. In akuya ce, yi haka. In zomo ne… shi ke nan, na sa. Wahalar me? A'a, tsaya. Akwai wurin rigakafi. Da wurin rahoto. Da wurin bincike… da wani can ƙasa, ban ma tuna aikinsa ba.

Fankar nan kuka kawai take yi, iska babu.

Wai kilas. Wai objek. Wai sabon salon rubuta manhaja ke nan. Wai sai ka fara ƙera wata Dabba, uwar dabbobi, wadda ba ta ci ba ta sha, sannan saniya ta gaji halinta, akuya ta gada, kowa ya riƙe kayansa a cikinsa kada wani ya taɓa. Don Allah wa ya taɓa gamuwa da Dabba a hanya? Akuya ake gani, saniya ake gani. Ni na san umarni: fara daga sama, sauko ƙasa, gama. Da shi na rubuta manhajar da ofishinmu ke aiki da ita tun yaran ajin nan ba a yaye su ba. Oga kuma, da murmushinsa na mai ƙoshi: “Kujerar shugaban sashe taka ce, takardar shaidar karatu kawai za ka kawo.” Takarda! Da furfurata ina zaune cikin sa'o'in ƙannena suna ce min Baba, saboda takarda.

Danna. Jan rubutu. Kai, wace irin masifa ce wannan — alamar baka ɗaya na manta ban rufe ba. Rufe. Danna.

Auta ta gama. Ga ƙeyarta can layi biyu a gabana, tana juya biro. Ƙanwata, autarmu, wadda ni na ɗora hannunta a kan linzamin kwamfuta tana kuka wai zai cije ta. Ita jaki aka ba ta. Ina kallo ta buɗe sabon kilas, ta rubuta abin da bai kai tafin hannu ba, jaki ya shige kamar da can gidan ubansa ne. Ko gumi ba ta yi ba.

“Yaya, bari in nuna maka yadda ake raba manhajar…” Haka ta ce min ran nan a falona, gaban 'ya'yana! Ta jawo kujera har da gyara zama. Na ce mata abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Maman yara daga ƙofar kicin: “Haba Baban yara, ka saurare ta mana, ilimi ai ba shi da babba.” Wa ya sa bakinki? Kowa ya zama malami a gidana. Auta ta tattara littattafanta sum-sum, ko sallama ba ta yi ba, kuma ni ne wai mai laifi.

Ya tashi! Zomo ya fito, ga sunansa, ga ranar rigakafinsa, ga… innalillahi. Awon maganin saniya ya ba shi. A ɗura wa zomo wannan, ai ko kunnuwansa ba za a tsinta ba. Daga ina ya ɗauko? Na sa nasa, da hannuna na sa. Sai dai in wancan na ƙasa ne ke shafe shi. Mene ne wannan “awo2”? Ga “awoSabo”. Ga “awoNaGaske”. Wane ɗan banzan ne ya… ni ne. To, ni ne, sai me? A lokacin ai na san abin da nake nufi.

Goge wannan. A'a, mayar. Goge ɗayan. Danna.

Zomo ya daidaita. Akuya ta ɓace.

Akuya! Ban taɓa ta ba, wallahi ko kusa da ita ban je ba. Me ya haɗa akuya da zomo? Ina ta shiga? Sama… ƙasa… layukan duk kamarsu ɗaya, in haka ne, in haka ne, in haka ne, idona har yaji yake yi. Malama ta gama da layin baya. Tana kan yaron da ke gefena, tana gyaɗa kai, jan biron yana tafiya.

A ofis har ƙirji nake bugawa: manhajata ba mai iya taɓa ta sai ni. Duk wanda aka kawo ya duba ta, kwana biyu ya gudu, in yi ta dariya ina cewa ƙwaƙwalwarsu ce ba ta kai ba. Ashe abin da suke gani ke nan? Wannan dajin?

Auta ta waiwayo. Kada ki kalle ni. Kada ki kuskura ki ji tausayina, yarinya, juya ki…

Ta juya.

Yatsuna suna kan madannai, sun ƙi motsi. Kowane layi a nan ni na rubuta shi, ba wanda ya taya ni, ba wanda na bari ya taya ni… kuma ban san ta inda zan shiga ba. Inuwar Malama ta faɗo kan teburin. Ya Allah, na gaji.