Daron Lami

Alhaji Bahago mai gyaɗa na Ƙofar Kibo bai taɓa ganin fuskar ko ɗaya daga cikin matan da yake ba bashi ba. Matan kulle ne, darukansu ya sani. Iya mai aike, tsohuwar da kunnenta ya yi nauyi, takan dire daro a gabansa, ya dube shi ya ce, "Na gidan wane ne," ya auna, ya riƙe a ka.

A bazarar bara ƙyanda ta kwantar da Maimuna, 'yar Asama'u tilo. Jarin ƙuli-ƙuli ya tafi a allura, har daron ma sai da aka sayar. Da yarinya ta fara tashi, Asama'u ta miƙa hannu ta kan katanga ta ari daron maƙwabciyarta Lami, ta aiki Iya ta karɓo mata gyaɗa bashi. Gyaɗa ta zo ba gardama, har da gyara. Wata uku ta yi kafin ta biya. Ranar da Iya ta kai kuɗin, ta dawo tana dariya, wai Alhaji ya ce, "Ashe dai Lami ta tuna da mu." A lokacin Asama'u ta gane sunan wa ya ɗauki nauyin. Ta ce a ranta ai an biya, magana ta wuce.

Bana aka buɗe wani ƙaramin banki mai ba mata rance. Ba ya neman jingina, sai dai ya bi bayan mace ya ji yadda take biyan masu binta. Asama'u da Lami duk sun nema, ita Lami don ta sayi keken ɗinki. Malama Hilda, ma'aikaciyarsu 'yar Wusasa, ita ta zo da sakamako, ta zauna kan tabarma a tsakar gidan Asama'u. Lami ta shigo da kallabi a karkace.

"Malama, ina kekena? Har na yi wa amaren Limancin Kona alkawarin ɗinki!"

Hilda ba ta yi dariya ba. "Asama'u ta samu. Ke kuwa, Lami, shaidar mai gyaɗa ba ta yi miki kyau ba. Ya ce kin taɓa riƙe masa kuɗi wata uku."

"Ni? Ni da ko gishiri ba na kwana da bashinsa? Tsufa ne ya fara taɓa Bahago, wallahi!"

"Ko wata ce ta karɓa da sunanki? In haka ne ana gyarawa. Sai dai ita, in tana cikin masu nema, ita za a cire."

Lami ta watsa hannu. Matar da rabin unguwa ke aron kayanta, ina za ta tuna? "Wa zai yi min haka? Ma'u, ke fa shaida ce, kin taɓa jin an zo min sallamar bashi?"

Asama'u ta buɗe baki. Ta san tun da aka sallami mijin Lami daga masaƙa, keken nan ne kaɗai abin da gidan ke hange. Sai Maimuna ta taho ta jingina da gwiwarta, idonta na hagu na ruwa kamar kullum tun bayan ƙyandar. Likita ya ce a kai ta Kaduna kafin idon ya rufe, kuma ribar rancen nan ce kuɗin motar da na magani.

"Ban taɓa ji ba, Yaya," ta ce. Ba ƙarya ta yi ba, abin da ya fi ci mata rai ke nan.

"Sai baɗi in Allah ya kai mu," in ji Hilda. "In kin yi shekara ba ƙorafi, a sake dubawa." Ta buɗe gwangwanin tawada ta turo wa Asama'u.

Dangwalenta na farko ya dame, sai da aka sake.

Lami ta goge ido da gefen zane, ta yi 'yar dariya. "Ke da kika samu ke ce da kyarma? Allah ya sanya albarka, Ma'u. Ranar zuwa Kaduna ki bar min wutar suyar, zan kula miki."

Asama'u ta ce amin, kanta a ƙasa.