Wadda Aka Ɗaura wa Kore

Da rana tsaka motar fasinja ta kife, aka kwaso mutum goma sha huɗu zuwa sashen gaggawa na asibiti. Babbar nas, wadda har likitoci ke kira Sista, ita ce a bakin ƙofa tana tantancewa. Aikinta ta duba mutum ta ɗaura masa roba a wuyan hannu: ja a shiga da shi yanzu, rawaya ya ɗan jira, kore ya nemi benci. Baƙa kuwa ta wanda rai ya yi halinsa ce. Shekara ashirin tana wannan aiki, har ta kai da ido kawai take rabon launi, kuma ba ta son gyara. A wurinta duk wanda ya shigo da ƙafarsa kore ne, magana ta ƙare.

Hayaniya ta lafa, ta zauna rubutu, sai ga wani magidanci a kujerar gabanta. Ba ta ji zuwansa ba.

"Sannu da aiki, Sista. Ba don kaina na zo ba. Maiɗakina kika ba kore, ga ta can ƙarshen benci."

"Malam, wadda ta tako da ƙafarta ai da sauƙi. Ku ƙara haƙuri."

"Haƙurin ne ciwonta. Shekara goma sha tara muna tare, ban taɓa jin ta ce wash ba. Ki taɓa cikinta."

Hannu ya saba, sai ta kama wuyan hannunsa yana cikin magana. Sanyi ƙalau, kamar ƙarfen gado. Ta danna yatsu, ta matsa gaba ta sake dannawa, babu bugu. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Ta miƙe ta nufi bencin, don hakan ya fi mata sauƙi a kan ta ɗaga ido ta kalli fuskarsa.

Matar na zaune a takure, leɓɓa sun yi fari, gumi na tsattsafo mata. Ciki ya yi tauri kamar katako. Jini ne ke zuba ta ciki. Kunya da haushin kanta suka cika Sista. Ta tsinke koren, ta ɗaura ja, ta ƙwala wa mai tura gado kira.

Suna gudu da ita zuwa tiyata matar ta buɗe ido.

"Maigidana fa?"

"Yana teburina. Shi ya turo ni wurinki."

Mai tura gado ya sunkuyo ya rage murya. "Sista, mijinta ai shi kika fara ɗaura wa baƙa. Ni da kaina na kai shi ɗakin ajiye gawa."

Matar ba ta ji su ba. Bayan Sista take kallo, tana murmushi.

"Ga shi can ma a tsaye. Ki ce masa ya jira ni, yanzu zan taso."

Sista ta ji sanyi a ƙeyarta, ta ƙi waiwayawa.

"Ba zan faɗa masa ba, 'yar'uwa, ba yau za ki bi shi ba," ta ce, ta sa kafaɗa ta ƙara wa gadon gudu.