Kwanon Maccido Babu Mai

Likita ya goge abin da ya shafa wa cikin Maccido, ya ce ya sauke riga. Tsohon ya tashi zaune a kan gadon, ya gyara hula. Bai dubi na'urar hoton cikin ba. Tun wancan zuwan ya gane babu abin da idonsa zai tsinta a cikinta sai toka-toka.

"Baba, hantar tana nan yadda na bar ta. Ta ma ɗan ƙara," in ji Likita Mudathir. "Kun rage mai?"

"A'a."

"Sukari a fura?"

"Shi ma a'a."

"To mi kunka rage?"

"Zuwa asibiti. Da matata Kaltume ba ta matsa ba, yau ma ba ka ganina."

Maccido manomin albasa ne a gindin madatsar ruwan Goronyo. Da ƙarfinsa ya ja baya, 'ya'yansa suka karɓi gona, shi ya koma zaman rumfa ranar kasuwa. Zama ya kawo tumbi. Bayan tumbi sai gajiya, da wani nauyi ƙarƙashin haƙarƙarin dama, kamar an ajiye masa ɗan dutsen niƙa a wurin. Da abin ya ƙi tafiya, ya tsallake asibitin garinsu ya zo Wurno, inda ba kowa ya san fuskarsa ba.

A zuwan farko ne wannan yaron likita ya dube shi ya tambaya ko yana shan giya. Maccido, wanda sahun farko ya san goshinsa tun gemunsa yana baƙi, ya miƙe ya nemi takalmansa. Da ƙyar likita ya zaunar da shi. Ya ce dole ce ta sa ake tambaya, don ciwon iri biyu ne, kuma nasa shi ne kitse a hanta, irin wanda ba na giya ba. Maccido ya tafi gida da sunan a bakinsa kamar ƙashin kifi. Kaltume kaɗai ya gaya wa.

"Baba, ciwon ga yana jin magana," in ji likita. "In kunka rage mai da sukari da lemun kwalba, kunka riƙa taka ƙasa, kitsen yana narkewa. In an bar shi, hanta takan bushe ta yi tauri, kuma daga nan ba a dawo da ita. Mi ya hana ku?"

"Ka san ciyayya?"

"Ni ma ɗan ƙauye na, Baba."

"Ƙofar gidana ake yin ta, bayan magariba. Kowa shi fiddo kwanonai, a jera, a ci na kowa. Ni ke buɗe kwanon farko. In na tsallake na wani, na zagi matatai. In sunka ce don mi, mi za ni ce musu?"

"Ku ce ba ku da lahiya."

"Sai su ce wane ciwo. Sai in ce hanta." Ya gyara zama. "Muna da wani, Yari."

Yari direban babbar mota ne a da, yana kai albasa kudu. Bara waccan idonsa ya yi rawaya, aka ce ciwon hanta. Ba wanda ya kore shi daga tabarma. An dai ware masa moɗa. Sai aka daina sa hannu a kwanonsa, aka koma ɗibar masa abinci a murfi. Wasu suka ce ana ɗauka a yawu, wasu suka ce ai an san abin da direbobi ke sha a kudu. Idon ya washe tun tuni, amma har yau Yari yana can ƙarshen tabarma da murfinsa.

"Naku ba a ɗauka ko kaɗan," in ji likita. "Ko irin wancan da mutane ke gudu, akasari ba a kwanon tuwo ake ɗaukar shi ba, balle mutumin da ya riga ya miƙe."

"Kai ka san haka. Tabarma ba ta sani ba. Kuma dubi sunan da ka ba ni. Kitse, a ce ni maciyi na. Hanta, a janye kwano. Sannan sai na ambaci giya da bakina kafin in wanke kaina daga gare ta. Ba shi da wani suna?"

Likita ya ce akwai. Likitoci ma sun ga sunan yana kunyata mutane, sun sake masa wani, sun cire maganar giya.

"Faɗi in ji."

Ya faɗa da Turanci. Maccido ya saurara har ƙarshe.

"Wanga ba suna ba na, hanyar Sakkwato ta don tsawo. In na faɗi haka bakin tabarma sai a kira mai ruƙiyya. Da Hausa hwa?"

Likita ya sosa kai. "Da Hausa dai hanta ta tara kitse." Ya sassauta murya. "Baba, ga shawara. Ku ce suga. Abincin da za ku bari kusan ɗaya na. Mai suga ba wanda ke janye mai kwano. Har Alhazai na da shi."

"Ina da shi?"

"A'a. Ba ku kai ba tukuna."

"Ban taɓa aron riga ba. Ba ni aron ciwo."

Ya sa takalma ya fita.

Motar Goronyo ta cika da buhunan taki da mata masu dawowa daga biki. Maccido ya zauna gaba, hannunsa dafe da gefen dama. Ta taga ana ganin rumbunan albasa na kara a jere, da yara masu kora jakuna zuwa fadama. A hanya ya gwada maganar suga a zuciyarsa. Ta zauna daidai, ba ta da ƙaya ko ɗaya. Abin da ya sa bai yarda da ita ba ke nan.

Ya tarar da Kaltume tana tsince shinkafa a tsakar gida. Kwalbar man shanu tana gefenta.

"Mi likita ya ce, Malam?"

"Ya ce ta ƙara. Mayar da shinkafar ga. Ki dahwa wake da zogale, ki gasa kifin da anka kawo daga madatsa. Kar ki sa mai."

"Kaɗan hwa?"

"Ko ɗigo."

Ta ajiye faifan. Tun tana amarya kwanonta ke fita ƙofar gidan nan, kuma bai taɓa dawowa da saura ba. Matan unguwa sun san haka. Da kwanon da ya dawo suke auna juna, ko da ba a faɗa.

"Wanga abinci za a fidda gaban maza? A ce mai ya ƙare gidan Maccido, ko a ce hannuna ya mutu. Bari in yi maka naka daban, ka ci cikin ɗaki. In ka hita sai ka ɗan taɓa nasu."

"Taubashina Sa'adu na ƙirga lomata. Kuma ɓarawo ke ci a ɓoye."

"To mi za ka ce musu?"

"Ki dai dahwa."

Ta ɗauki kwalbar man ta kai ɗaki. Ta daɗe ba ta fito ba.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida. Zafin rana bai gama fita daga bango ba. Maza suka zo ɗaya bayan ɗaya, kowa da kwanonsa. Halliru, dillalin albasa, ya zo da shinkafa mai ninkaya a man gyaɗa da ledar lemun kwalba, don ranar ya yi ciniki. Sa'adu, taubashin Maccido, wanda suke tsokanar juna tun suna kiwon awaki, ya zo da tuwon dawa da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai. Yari ya zo daga baya, ya yi sallama, ya zauna wurinsa na ƙarshe, ya ajiye moɗarsa kusa da ƙafa.

Aka wanke hannu, aka jira Maccido ya buɗe. Bisa al'ada da kwanon wani yake farawa, don girmama baƙo a ƙofarsa. Yau nasa ya jawo.

Sa'adu ya leƙa. "Mi na wanga? Maccido, kun yi faɗa da Kaltume?"

"Wake na."

"Na ga wake. Ina man? Ko tsufa ya sa ta manta inda kwalba take? Halliru, tsiyayo mai kaɗan daga naka, mu rufa ma taubashina asiri."

Aka yi dariya. Halliru ya turo shinkafarsa gaban tsohon. "Bismilla, Baba Maccido. Matata Uwaliya ta ce don ku ta ƙara albasa."

"Ka gode mata. Ba ni ci."

Dariyar ta tsaya. Halliru ya dubi kwanon, ya dubi Maccido. "Wani laifi munka yi?"

"Ba ku yi ba. Na tahi asibiti Wurno. An hana ni mai da sukari."

"Ayya, suga na," in ji Halliru, fuskarsa ta saki. "Ai Alhaji Attahiru ma shi ke gare shi. Allah shi sawwaƙe."

Sauran suka ce amin. An buɗe masa ƙofa, ba sai ya ce komai ba. Da ya sunkuyar da kai ya ci wakensa, shi ke nan, magana ta wuce.

"Ba suga ba na," in ji Maccido. "Hanta ta. Ta tara kitse. Likita ya tambaye ni ko ina shan giya, na ce mai a'a, ya ce ya sani, akwai irin da ba na giya ba, shi ke gare ni. Daga zama da maiƙo shike zuwa. Ba a ɗauka. Na faɗa muku da bakina don kar ku ji a bakin wani."

Wani babur ya wuce da fitila, ya haska kwanonin ya tafi.

Sa'adu ne ya fara motsi. "Kitse a hanta. To ai kai rago na, Maccido. Bari layya ta zo." Ya yi dariya shi kaɗai, gajeriya. Sannan ya sa hannu a tuwonsa.

Halliru ya jawo shinkafarsa a hankali, kamar yana gyara mata zama. Moɗar da ake sha tare tana kusa da gwiwar Maccido. Wani ya miƙa hannu ya ɗauke ta, ya sha, ya ajiye ta can ɗaya gefen. Ba a yi da gatsali ba. Haka aka yi wa Yari, kuma Maccido yana zaune a nan aka yi.

Aka fara ci. Hannuwa suna zagaya kwanoni, suna tsallake ɗaya. Sa'adu ya kai hannu wajen kifin sau ɗaya, ya tsaya, ya sosa gwiwa, ya koma tuwo. Halliru ya kawo zancen farashin albasa a kudu, aka kama shi da hannu biyu.

Maccido ya ci loma uku. Waken ba daɗi. Kaltume ta yi iya yinta, ta sa daddawa da albasa, amma abin da babu mai babu mai ne. Ya dubi kwanon. Na mutum biyar ta zuba, kamar kullum. Ya ga yadda zai shiga da shi gida.

Ya ɗaga kai ya dubi ƙarshen tabarma. Yari yana can, murfi a gabansa, bai fara ci ba. Shi kaɗai ne bai kawar da ido ba.

Maccido bai tashi daga wurinsa ba. Kan tabarma nasa ne, ƙofar ma tasa ce.

"Yari."

"Na'am, Baba."

"Taso. Kawo moɗarka."

Yari ya dubi mutane. "Nan ma ya yi, Baba."

"Ban tambaye ka ba. Sa'adu, matsa mai."

Sa'adu ya matsa, fiye da yadda ake bukata. Yari ya zo ya durƙusa, ya wanke hannu a karo na biyu, ya daɗe yana wankewa. Maccido ya tura kwanon tsakaninsu. Yari ya yi bismilla ya ɗebo wake da gefen kifi. Ya tauna, ya haɗiye.

"Yaya?" in ji Maccido.

"Ba mai, Baba."

"Na sani. Ci."

Suka ci. Da ƙishi ya zo, Maccido ya ɗauki moɗar Yari ya sha, ya ajiye tsakiya. Zancen albasa ya yi rauni, ya sake tashi. Ba wanda ya ƙara sa musu hannu har aka kira isha'i.

Da aka dawo daga masallaci Maccido ya ɗauki kwanon da kansa ya shiga gida. Kaltume tana zaune bakin murhu, ba ta ci nata ba. Ta karɓa, ta buɗe murfin, ta karkata shi wajen haske. Babu komai sai ƙashin kifi.

"Sun ci?"

"An ci."

"Sa'adu bai yi tsiya ba?"

"Ya yi."

Ta sake duban kwanon, ta dube shi. "Su wa sunka ci, Malam?"

Ya zauna a kan turmi, ya cire hula, ya dafa gefen damansa.

"Gobe ki zuba kamar na yau," ya ce. "Yari na da ci."