Haɗin Tsoho Kuang

Shulan ta ce tun ranar da mijinta Kuang ya yi ritaya daga kantin magani gidansu ya zama ɗakin gwaji. Bana kuwa kan wani babban fure da ake kira mudan abin ya faɗa.

Ƙaninta Baoshan ne ya kawo musu dami guda daga gonarsa a bayan garin Heze. Kuang ya ɗauko tulun tangaran, ya zuba ruwa, ya ƙara sukari, asfirin, ruwan tsami, da ƙaramin kofi na giyar dawa.

"Tsoho, fure za ka jiƙa ko nama?" in ji Shulan.

"Ke me kika sani? Wata guda za su yi ba su yi yaushi ba."

Kwana biyu suka yi. Da safe, yana can filin shaƙatawa yana miƙe gaɓoɓi, Shulan ta tarar duk sun sunkuya kamar 'yan zaman makoki. Ta san halinsa: mako guda zai yi yana zumɓura baki yana kushe mata miya. Sai ta zubar da su, ta wanke tulun, ta kira Baoshan ya kawo wasu. Ta tsige ganyen ƙasa, ta yanke gindin a karkace, ta sa a ruwan sanyi zalla.

Kuang ya dawo ya ƙara haɗinsa. Kullum haka, ya zuba da rana, ta zubar da safe. Wanda ya mutu ta musanya.

Ranar sha biyu masu ruwan hoda suka ƙare a gona, Baoshan ya kawo farare. Shulan ta jera su a tulun haka nan. Kuang ya sa tabarau ya zagaya tulun sau uku.

"Tsohuwa! Zo ki gani! Har launi yake canzawa!"

"Ikon giya ke nan," ta ce, ta shige kicin tana toshe baki.

Daga nan ya ɗura haɗin a kwalabe ya rarraba wa abokan dararsa. Bayan kwana uku sai ga Tsoho Yin, babban abokinsa, da matattun furanni a hannu.

"Kai, ɗan banzan boka! Na surukata ne, da kyar ta bar ni na shiga gida!"

"Ba ka iya awo ba ne. Dubi nawa, kwana goma sha biyar."

Ana cikin haka aka buga ƙofa. Baoshan ne da bokiti, ya makara ranar. Shulan ta yi ta ƙifta masa ido, shi kuwa ko a jikinsa.

"Yaya, farare ma sun ƙare. Jajaye ne kawai, kuma daga waɗannan sai baɗi."

Yin ya dubi bokitin, ya dubi tulun, ya zauna a ƙasa yana dariya har da tari. Baoshan ya ajiye bokitinsa ya sulale.

Da suka rage su biyu, Kuang ya zauna yana kallon tulun. Shulan ta ji tausayinsa kaɗan, ta ajiye masa kwanon taliya.

"Tun yaushe?"

"Tun kwana na biyu."

Ya ja taliya ya haɗiye. "Shekara arba'in da ɗaya muna tare. Me kuma kika taɓa musanya mini?"

Idonta ya kai kan kejin tsuntsunsa Janar da ke rataye a taga.

"A'a," in ji Kuang. "Ban da Janar."

"Wannan ne na uku. Ka cika ba su maganin ƙarfin murya."

Ya tashi ya je ya leƙa tsuntsun, tsuntsun ma ya leƙo shi.

"Shi ya sa ya daina cizona," ya ce. Ya dawo ya miƙa mata kwanon ta ƙara masa romo.