Sakatar Maman Vicky

"Kat! Madam Dorcas, wa ya ce ki buɗe?"

Karo na biyu ke nan Monday, daraktan fim ɗin, yana kama kai. Fim ɗin macizai masu kisa suke ɗauka a wani kango a unguwar Television, da kyamarar aro ta mai ɗaukar biki. Macizan kuwa tsohuwar robar tayar keke ce aka shafa wa fenti, ana ja da zare. Ko akuya ba za su firgita ba.

Babu labari a rubuce, kowa da sunansa na gida yake wasa. Dorcas, wato Maman Vicky, mai sayar da shinkafa ce, an ɗauko ta don ta iya zare ido. Aikinta ba wuya: maƙwabci zai rugo macizai na bin sa, ya yi ta bugun ƙofa, ita kuma ta danne sakata har ya yi shiru.

"Yi haƙuri, hannuna ne," ta ce.

"Minti uku ya rage a kaset, Madam. Abeg, riƙe ƙofar nan."

Ta koma ciki. Filibus, mai fitowa a maƙwabcin, ya sake rugowa.

"Maman Vicky, buɗe! Don girman Allah, buɗe!"

Ta danne sakatar. Haka Malam Zakariyya'u tela ya kira ta shekara uku da suka wuce, ranar rikicin da ya raba Kaduna biyu. Shi yake ɗinka wa 'ya'yanta kayan Kirsimeti. Ran nan yaran suna ƙarƙashin gado, layi ya cika da ihu, ba ta buɗe ba. Ba a sake ganinsa ba, ita kuma ko fasto ba ta faɗa wa ba.

In ta sake buɗewa, fim ya lalace, kuma sai an tambaye ta dalili. Tsoron tambayar ya fi ƙarfinta. Ta jingina goshi da ƙyauren, bugun yana ratsa kanta. Ya ragu, ya koma karce, ya tsaya.

"Kat!"

Aka ɗauki tafi. Filibus ya miƙe yana dariya, roba rataye a wuyansa. Monday ya turo ƙofar, ya tarar da ita a durƙushe, hawaye har haɓa.

"Kai, Madam, kin gama da ni!" ya ce cike da murna. "Kamar kin taɓa yi."