Gwajin da Nake Faɗuwa da Gangan

Kowace shekara, kafin a fara kakar wasan hoki na kan ƙanƙara, sai an zaunar da mu gaban kwamfuta an gwada ƙwaƙwalwarmu. A nuna miki kalmomi ki maimaita, a haska ja ko shuɗi ki danna da sauri. Makin da kika samu ranar shi ake ajiyewa. Duk ranar da kika bugu a kai za a sake gwada ki, in kin kasa kamo makin nan, to babu ke babu hawa ƙanƙara sai yadda likita ya ce.

Darcy Hrynko, mai tsaron ragarmu, ita ta koya mini dabara tun shekarata ta farko a ƙungiyar. Ta girme ni da shekara biyu, bakinta kuma ba linzami.

"Ke 'yar garin Kapuskasing, ina za ki da wannan zumuɗin? Jarrabawar shiga jami'a aka ce miki? Yi nawa. Manta kalma biyu ko uku. Ranar da aka kwaɗa kanki da katanga za ki gode mini."

Haka na riƙa yi shekara shida. Ni Renelle Gauvreau, mai digiri, a takardar likita daƙiƙiya ce ni. Ba ni kaɗai ba, rabin ƙungiyarmu haka suke.

Ranar Asabar aka kwaɗa ni. Ina kusurwar fili ina ƙoƙarin fitar da faifan robar da muke bugawa a madadin ƙwallo, wata yarinya 'yar shekara ashirin da biyu ta taho a guje ta haɗa ni da katanga. Na ji ƙarar hular kwanona can nesa, kamar an yar da tukunya a gidan maƙwabta. Da ƙafata na fita, amma aka hana ni komawa.

Saura mana wasa ɗaya, ranar Laraba, in mun ci mu wuce zagaye na gaba. Kwantiragina zai ƙare a watan Yuni, shekarata talatin da uku, ga kuma yara biyu a benci suna jiran gurbina na mai tsaron baya. In ban buga Laraba ba, ɗayarsu ta shiga ta yi abin kirki, tawa ta ƙare. Babu wanda ya gaya mini haka, ba sai an gaya mini ba.

Lahadi da Litinin na yi su a ɗaki, labule a sake, don haske caka mini ido yake. Babana ya kira daga gida, ya daɗe yana ba ni labarin dusar ƙanƙarar da ta binne masa mota, ni dai "to" nake cewa. Na sha romon kaza ban ji gishiri ba. Ban ji tsoro ba, ban ji baƙin ciki ba. Ban ji komai ba.

Talata da safe Shauna Belcourt, mai kula da lafiyarmu, ta zaunar da ni.

"Ciwon kai?"

"Babu."

"Jiri fa?"

"Ni da jiri? Haba Shauna."

Ta kunna kwamfutar. A karon farko cikin shekara shida na yi gwajin nan tsakani da Allah. Kalmomin suna zuwa suna zamewa, ina bin su ina kamowa. Kafin in gama rigata ta jiƙe da gumi.

Shauna ta daɗe tana kallon sakamakon.

"Daidai da na watan Oktoba. Har kin ɗara da kaɗan." Ta ɗago kai. "Renelle, ni ba yarinya ba ce. Na san abin da kuke yi."

"Me muke yi?"

Likita ya zo ya haska idona, ya sa na tsaya da ƙafa ɗaya, ya duba makin, ya sa hannu cewa zan iya buga wasa. A mota na zauna ban tayar ba. Ashe iya ƙoƙarina na yau da kyar ya wuce shirmen da nake yi da gangan ba. Na san ya kamata abin ya girgiza ni, na jira, shiru.

Laraba da yamma ɗakin canja kaya ya cika da kiɗa da ihun yara. Na sa sulken ƙirji, na sa na gwiwa, na zura ƙafa a takalmin ƙanƙara, na kama igiyar da hannu biyu. Sai na tsaya. Tun ina shekara huɗu nake ɗaure takalmin nan da kaina. Igiya ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ban san wadda ke hawa kan wata ba.

"Ke tsohuwa, gyangyaɗi kike?" in ji Darcy daga kujerarta.

Ta dubi hannuna, ta dubi fuskata, dariyar ta ɗauke. Ta taso da nauyin kayan raga a jikinta, ta durƙusa a gabana da kyar, ta juya wa sauran baya don kada su gani. Ta karɓi igiyar, ta ja, ta ɗaure dama, ta ɗaure hagu.

"Ya matse da yawa?" ta tambaya a hankali, ba ta ɗago ba.

"Ban sani ba."

Koci ta leƙo ta buga ƙofa. "Minti biyu, 'yan mata!"

Darcy ta ɗauko sandata ta hoki ta miƙo mini, na karɓa na bi layi.