Khamdi Ya Sake Neman Auren Matarsa

Duk bakin kogin Mekong babu wanda bai san Khamdi ba. Bom ya faɗi kusa da shi yana yaro, ya tashi yana kakkaɓe wando. Kwalekwale ya kife da shi cikin ambaliya, ya fito da kifi a aljihu. Bai taɓa shiga aji ba, amma ruwa da mutane duk ya karance su. Irinsu ba a sake haifa ba!

Hatimi kaɗai ya gagare shi. Shi ɗan Laos ne, amma gidansa da matarsa Thongbai da agwaginsa suna tsallake, a Thailand. Duk wata sai ya haye gada a buga masa hatimi ya dawo. Da gwiwa ta soma gardama, 'yarsa Lamduan ta ce ya nemi bizar dogon zama, kar wata rana ya makara a raba shi da gidansa.

"Iri biyu ce, Baba. Akwai ta tsofaffi, akwai ta aure."

"Ta tsofaffi! Ni zan fake a bayan zanin mace?"

"To sai ka kwantar da kuɗi masu kauri a banki."

"Agwagi fa?"

"Ba sa karɓar agwagi, Baba."

Ya sosa ƙeya. "Ta auren ma ai biza ce."

A ofis jami'a ta nemi shaidar aure. Khamdi ya miƙa mata wuyan hannunsa. "Nan dattawa suka ɗaura mana farin zare, tun ba a haifi uwarki ba."

"Kaka, zare ba ya shiga fayil. Ku je ku yi rajista tukuna."

Ya tarar da Thongbai tana dakan ɗanyar gwanda da barkono. "Uwar Lamduan, tashi mu je rajistar aure, hannu kawai za ki sa."

Ta aje taɓarya. "Au, ashe ba ni da miji? To bari in yi shawara."

"Wace shawara, da jikoki cike da gida?"

"Wancan karon a kwalekwale ka sato ni, ba kiɗa ba rawa, sai zare. Wannan karon, tsoho, ta ƙofa za ka shigo."

Haka aka yi. Aka rako ango da ganguna, ana ɗauke da rake da ganyen ayaba. A ƙofar gidansa na kansa, maƙwabciyarsu Buaphan ta tare hanya da ɗamarar azurfa kamar yadda ake yi wa kowane ango.

"Baƙo, me ka zo da shi?"

Ya gyara murya. "Ni ne wanda bom..."

"Mun haddace bom ɗin nan! Ka ce kana son ta."

Mutumin da ambaliya ba ta girgiza ba, sai ga gumi. Ya faɗa ciki-ciki.

Thongbai ta leƙo daga saman tsani. "Kunnena ya tsufa, ban ji ba."

Ya kwarara shi har agwagi suka watse.

Da jami'ai suka zo duba ko auren na gaskiya ne, suka tambayi Buaphan. Ta ce, "'Ya'yana, har mutanen tsallaken kogi sun ji."

Biza ta fito. Khamdi ya zauna kan tabarma yana mulmula shinkafa mai danƙo, yana shaida wa duk mai wucewa cewa mace ɗaya ya nema sau biyu, kuma duka ta faɗo.

Thongbai ta turo masa kwanuka da ƙafa.

"Bizar ta shekara ɗaya ce, ango. Baɗi ma sai na sa hannu."

Ya kwashe su ya nufi bakin randa wanke-wanke, yana cewa dama ya yi niyya.